Dandalin Kimiyya: Me Ɓera Ya Sani Game da Otizim?

Yau ɗakin binciken kimiyya za mu leƙa, kuma baƙonmu shi ne ɓera. E, ɓera dai, ɗan'uwan wanda ke ɓarna a rumbu da sito, wanda iyayenmu mata ke ɗana wa tarko. A ƙasashen da bincike ya yi nisa akwai ɓerayen da ake kiwo a ɗakuna masu tsabta kamar na tiyata, ana auna musu abinci, ana rubuta sunayen kakanninsu a kwamfuta, a kuma sayar da su da tsada. Wasu daga cikinsu an taɓa ƙwayoyin gadonsu ne da gangan, domin a gano abin da ke haddasa lalurar otizim ga yara.

A rediyo za ku ji ana ce mata galahanga. Mu mun fi son mu ce otizim, domin galahanga kalma ce mai faɗi da mutane ke jibga wa duk yaron da suka ga ya bambanta da sauran. Otizim ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa ne tun yaro yana ciki. Mai shi yakan sha wuya wajen cuɗanya da mutane: ba ya son haɗa ido, ko a kira sunansa bai waiwaya ba, ko maganarsa ta yi jinkiri. Yakan kuma maimaita abu ɗaya, kamar kaɗa hannu ko jera kayan wasa, ya tayar da hankali idan aka sauya masa abin da ya saba. Ƙarar janareta da mu ba ma ko lura da ita, shi tana iya zame masa azaba. Abin hawa-hawa ne. Wani har ya girma bai iya magana ba, wani kuma yana koyarwa a jami'a. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi, ke nan a unguwanninmu ma akwai su, ko da ba a taɓa kai su asibiti an sa wa abin suna ba.

Likitan da ya fara bayyana lalurar dalla-dalla shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya rubuta labarin yara 11 a 1943. Abin da ya biyo baya abin takaici ne. Shekaru da dama ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai sun yi sanyi kamar firji, ba su nuna wa 'ya'yansu ƙauna ba. Wani mai suna Bruno Bettelheim har littafi ya wallafa a 1967 yana ƙarfafa wannan zargi. Kada mu yi musu dariya, domin a wajenmu ma in ba a ce aljanu ba ne, za a ce sammu ne, ko a ce uwar ce ta yi sakaci da goyo.

Tagwaye ne suka fara wanke iyaye mata. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bi gidaje 21 a Birtaniya masu tagwaye, inda aƙalla ɗaya daga cikin tagwayen yake da otizim. A gidaje 11 tagwayen 'yan ƙwai ɗaya ne, wato masu kama ɗaya da ƙwayoyin gado iri ɗaya, kuma a huɗu daga cikinsu duka yaran biyu suna da lalurar. A sauran gidaje 10 na tagwayen da ba ƙwai ɗaya ba, ko gida guda ba a samu haka ba. Uwa ɗaya ce ta goya su, nono ɗaya suka sha, don haka ba daga riƙo bambancin ya fito ba. Wani babban bincike da aka fitar a 2019, wanda ya duba mutane fiye da miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke sa wani ya fi wani yiwuwar samun otizim daga ƙwayoyin gado yake. Zancen da ake yaɗawa cewa allurar rigakafi ce ke jawo shi kuwa ya samo asali ne daga wata takarda ta likita Andrew Wakefield a 1998. An gano akwai maguɗi a cikinta, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita a Birtaniya.

Da mun ji kalmar gado, sikila ce ke faɗo mana a rai, tunda duk mun san lissafin AA da AS da SS daga ajin Bayoloji. Sikila mai sauƙin bayani ce: ƙwayar gado ɗaya, harafi ɗaya ya sauya a cikin DNA. Otizim ba haka yake ba. Wani bincike na 2020 da ya duba DNA na mutane sama da 35,000 ya lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da shi, kuma jerin sai ƙaruwa yake yi. Kowace ɗaya daga cikinsu ɗan ƙaramin kaso ne na masu lalurar take bayani. Ga mafi yawan yara ma, ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance ne suke taruwa, irin waɗanda kowannenmu ke ɗauke da wasu daga ciki. Sau da yawa kuma sauyin sabo ne fil, ya auku ne a cikin ƙwai ko maniyyi, babu shi a jinin uba, babu shi a jinin uwa. Saboda haka masu cewa "daga danginku ne" su ma ba su da hujja.

To, an sami jerin sunayen waɗanda ake zargi. Amma me kowace ƙwaya take yi a cikin ƙwaƙwalwa? Babu wanda zai buɗe kan yaro don ya duba, kuma babu wanda zai lalata wa jariri ƙwayar gado don ya ga sakamako. Nan ne ɓera ya shigo.

Da aka kammala karanta DNA ɗin ɓera a 2002, sai aka ga kusan duk ƙwayoyin gadonsa suna da takwarorinsu a jikin ɗan Adam. Ga shi kuma da saurin hayayyafa: cikin kwana 20 ko kusa da haka macen ta haihu, 'ya'ya shida zuwa takwas a lokaci guda, su ma kafin wata biyu sun isa haihuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, masu bincike sun yi ta haɗa wa da ƙanwa har zuriya 20 a jere, sai da ɓerayen kowane gida suka zama tamkar tagwaye 'yan ƙwai ɗaya. Gidan da ya fi shahara shi ne na wani baƙin ɓera da ake kira C57BL/6, wanda asalinsa ya fito daga gonar wata tsohuwar malamar makaranta, Abbie Lathrop, da ta koma sana'ar kiwon ɓeraye a jihar Masacusets. Cibiyar Jackson da aka kafa a 1929 a jihar Main tana ajiye dubban irin waɗannan gidaje, tana aika su ko'ina a duniya. Amfanin wannan a fili yake ga duk wanda ya taɓa yin gwaji a dakin kimiyyar makaranta. Idan ɓeraye biyu iri ɗaya ne ta kowace fuska ban da ƙwayar gado guda, suka kuma tashi a keji ɗaya, duk bambancin da aka gani a halinsu ita za a tuhuma.

Dabarar kashe ƙwayar gado guda a jikin ɓera mutum uku ne suka share mata hanya, Mario Capecchi da Oliver Smithies da Martin Evans, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2007. Shi Capecchi, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yaro ne mai gararamba a titunan Italiya, bai fara zuwa makaranta ba sai yana ɗan shekara tara. Yadda ake yi shi ne, a ɗebi sel daga ɗan tayin ɓera, a sauya ƙwayar da ake so a cikin kwano, a mayar da sel ɗin cikin wani ɗan tayin, a dasa shi a mahaifar wata ɓera, sannan a yi ta haɗa 'ya'yan har a sami waɗanda duk jikinsu ke ɗauke da sauyin. Aikin kan ci shekara guda ko fiye. Tun da aka samo almakashin DNA da ake kira CRISPR a 2012, ana gama shi cikin 'yan watanni.

Sai babbar matsala. Ko a jikin mutum babu gwajin jini da ke nuna otizim, likita halin yaro yake kallo, ya kuma saurari iyaye. Ta yaya za a tambayi ɓera ko yana son zama da jama'a?

Wata masaniya a Amurka, Jacqueline Crawley, ita da abokan aikinta suka fito da wani gwaji a 2004 da ya zama ruwan dare. Akwati ne mai ɗaki uku da ƙofofi a tsakaninsu. A ɗakin gefe ɗaya an kife wani baƙon ɓera da ƙoƙon waya, a ɗaya gefen kuma ƙoƙo ne babu kowa a ciki. Sai a saki ɓeran da ake gwadawa a tsakiya, a ba shi minti 10, kyamara tana ɗauka. Lafiyayyen ɓera yakan fi daɗewa wajen baƙon yana sansanarsa. Wanda ya raba lokacinsa daidai, ko ya fi son ƙoƙon banza, sai a ce sha'awar cuɗanyarsa ta ragu. Maimakon magana kuma, ana sauraron kukan jariran ɓera idan aka raba su da uwa. Kunnenmu ba ya jin sa, domin ya zarce kilohaz 20 inda jin ɗan Adam ya tsaya, sai da makirufo na musamman. Don auna maimaita abu, ana riƙe agogo a ƙirga tsawon lokacin da ɓera ya ɓata yana lasar jikinsa, ko a jera masa ƙananan ƙwallayen gilashi 20 a kan garin katako a ga nawa zai binne cikin minti 30.

A 2011 Guoping Feng, ɗan asalin ƙasar Sin mai aiki a Amurka, ya lalata wa ɓeraye wata ƙwaya mai suna SHANK3. Yaran da suka rasa kwafi ɗaya na wannan ƙwaya, a kan kuromosom na 22, da yawansu suna da otizim. Ɓerayen Feng sun riƙa lasa da sosa jikinsu har fata ta yi gyambo, suna kuma ƙaurace wa 'yan'uwansu. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu sai aka ga matsalar tana mahaɗa ne, wato ɗan wurin da sel ɗin ƙwaƙwalwa ɗaya ke miƙa wa na gaba saƙo. Furotin ɗin SHANK3 kamar dirka yake da ke tallafe da wannan mahaɗa, in babu shi saƙo yakan isa da rauni. Ƙwayoyin gado da yawa a jerin nan na otizim, da aka bi su ɗaya bayan ɗaya a jikin ɓera, sai aka tarar ko dai a mahaɗa suke aiki, ko kuma su ne masu kunna wasu ƙwayoyin da kashe su. A ganinmu wannan shi ne babban abin da ɓera ya koyar, ko da ba ya yin kanun labarai.

Labarin da ya fi girgiza masana shi ne na ciwon Rett. Yana kama 'yan mata ne, kusan ɗaya cikin 10,000. Yarinya za ta taso lafiya har wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, ta fara cewa "mama", sai kwatsam maganar ta ɗauke, hannayenta su daina kama abu, ta koma murza su kamar mai wanki. A da ana lissafa shi cikin dangin otizim, sai a 2013 likitocin Amurka suka ware shi daban. Wata likitar yara haifaffiyar Bairut, Huda Zoghbi, wadda yaƙin basasar Labanan ya sa ta ƙarasa karatunta a Amurka, ta ga irin wannan yarinya a 1983, ta kuma shafe shekara 16 tana neman sanadin. A 1999 aka same shi: ƙwayar MECP2 a kan kuromosom X.

Kowa ya ɗauka cewa ƙwaƙwalwar da ta ginu ba tare da wannan ƙwaya ba ta riga ta lalace har abada. Sai Adrian Bird na jami'ar Edinbura a Sikotilan ya yi wata dabara. Maimakon ya cire ƙwayar daga jikin ɓera, sai ya sa mata kwaɗo, wato wani ɗan guntun DNA da ke hana ta aiki, wanda za a iya ɓalle shi da allura duk ranar da aka ga dama. Ɓerayen suka girma da ciwon. Suna karkarwa, numfashinsu yana sarƙewa, tafiya ta gagara, mazan cikinsu suna dab da mutuwa. Sannan aka buɗe kwaɗon. Cikin 'yan makonni karkarwar ta lafa, suka miƙe suna yawo, suka rayu. An wallafa wannan a 2007. Ashe sel ɗin ƙwaƙwalwar ba su mutu ba, furotin ɗin kawai suke jira. Gwajin ya kuma zo da gargaɗi, domin da aka buɗe ƙwayar da gaggawa wasu ɓerayen mutuwa suka yi, sai da aka koma yi a hankali. Ita MECP2 ƙarancinta ciwo ne, yawanta ma ciwo ne.

Feng ya maimaita irin wannan da SHANK3 a 2016. Da ya kunna ƙwayar a jikin manyan ɓeraye, lasar jiki ta ragu, suka koma sha'awar 'yan'uwansu, amma tsoro da rashin daidaiton tafiya ba su gyaru ba sai ga waɗanda aka kunna musu tun suna ƙanana. A watan Maris na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na ciwon Rett, mai suna trofinetide, wanda tushensa ke komawa ga wani gwajin ɓera na 2009. Ba ya warkarwa, sauƙi yake ɗan kawowa, kuma yana sa yara da yawa gudawa. A wannan shekarar dai aka fara gwada saka lafiyayyar MECP2 a jikin masu ciwon.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce ɓera ya gama aiki. Amma da sauran rina a kaba. Akwai wata lalura da ake kira Fragile X, wadda tana cikin sanannun hanyoyin da ake gadon otizim da raunin koyo. An gano ƙwayarta, FMR1, a 1991, masana a Holan da Beljiyam suka samar da ɓeranta a 1994. Mark Bear na jami'ar MIT ya nuna cewa idan aka rage ƙarfin wata hanyar saƙo a mahaɗa, alamomi da yawa suna gyaruwa a jikin ɓeran. Ɗakunan bincike daban-daban suka tabbatar. Manyan kamfanonin magani biyu na Suwizalan, Novartis da Roche, suka zuba kuɗi, iyaye suka kawo 'ya'yansu gwaji cike da fata. A 2014 duka biyun suka dakatar da aikin, domin waɗanda suka sha maganin ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba. Murna ta koma ciki. Haka aka yi da sinadarin oksitosin, wanda ya ƙara wa wasu ɓeraye son cuɗanya. Da aka gwada fesa shi a hancin yara a wani gwaji na mutum 290 na tsawon mako 24, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna wani amfani ba.

Dalilan suna da yawa. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, sel ɗinta masu aika saƙo kimanin miliyan 70 ne, namu kuwa biliyan 86. Da hanci yake gane duniya, mu da ido da harshe. Yaron da ba ya gane ba'a, ko bai san lokacin da ya kamata ya yi shiru a cikin hira ba, babu akwati mai ɗaki uku da zai auna wannan. Binne ƙwallon gilashi ma, wa ya tabbatar ba tonon ƙasa kawai ɓeran yake sha'awa ba? Su kansu gwaje-gwajen suna da saurin rikicewa. A 1999 ɗakunan bincike uku, biyu a Amurka ɗaya a Kanada, suka gwada ɓeraye iri ɗaya, a rana ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, amma wasu sakamakon suka saɓa. A 2014 kuma aka gano a jami'ar McGill ta Kanada cewa warin jikin namiji yana tayar wa ɓera hankali har ya sauya sakamakon gwaji, ko da rigar da namiji ya kwana da ita aka ajiye a ɗakin. Ku duba fa, har jinsin wanda ya riƙe ɓeran sai an rubuta.

Shi ya sa mu ba ma goyon bayan a riƙa cewa "ɓera mai otizim". Ɓera ne mai ɗauke da sauyin ƙwayar gado guda da aka gani a jikin wasu masu otizim, iyakarta ke nan. Duk ranar da kuka ga labari a waya cewa masana sun warkar da otizim, ku fara neman kalmar ɓera a cikinsa, yawanci tana ɓoye a sakin layi na uku. Ku kuma duba wace ƙwaya ake magana a kai, domin abin da ya yi aiki ga SHANK3 ba lallai ya shafi yaron maƙwabtanku ba. Muna jaddada wannan ne saboda irin waɗannan labarai su masu sayar da maganin ƙarya ke nuna wa iyayen da hankalinsu ya tashi.

Kalmar warkarwa ita kanta ana jayayya a kanta. Manya da yawa masu otizim suna cewa su ba marasa lafiya ba ne, ƙwaƙwalwarsu ce ke aiki ta wata hanya, abin da suke buƙata shi ne malamai masu haƙuri da abokan aji da ba sa tsokana. Iyayen yarinyar da ke farfaɗiya kullum, ba ta iya kai loma bakinta, su kuma magani suke nema ido rufe. Duka biyun suna da gaskiya, kuma binciken ɓera ya fi amfanar kashi na biyu. Su ma ɓerayen suna da haƙƙi. Tun 1959 masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau: a nemi abin da zai maye gurbin dabba in zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sassauta musu wahala. Yanzu wasu ɗakunan bincike suna ɗaukar sel daga fatar mai lalurar, su mayar da su sel ɗin ƙwaƙwalwa a cikin kwano, su gwada abin da za su gwada kafin a kai ga ɓera.

Wani giɓi ya rage da ya shafe mu kai tsaye. Kowane ɓera da muka ambata, daga jerin ƙwayoyin gado aka zaɓo shi, jerin kuwa mafi yawansa daga DNA ɗin Turawa aka haɗa shi, alhali mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninsu. Wani shiri mai suna NeuroDev ya fara tattara bayanan yara masu irin waɗannan lalurori a Kilifi ta ƙasar Kenya da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, kuma abin da ya fito daga can zai iya ƙara sababbin sunaye a jerin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda ake ciro DNA daga yawu a kuma karanta haruffansa.